Likitan da Sista Ta Zaɓa wa Auta

Mahaifiyata ce, amma ko ni da ta haifa, idan zan ba da labarinta sai in ji bakina ya ce Sista. Haka duk unguwa ke kiranta, haka mai gyaran famfo ke kiranta, har marigayi Baba idan ransa ya ɓaci da sunan yake kiranta. Aikin jinya ta yi a sashen yara tun kafin a haife ni har ta yi ritaya. Gajeriya ce, farcenta kullum a yanke ƙwal, kuma idan ta kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tunanin ko akwai abin da ka manta ba ka wanke ba.

Mu dai a asibiti muka tashi, sunan gida ne kawai. Ba a shiga kicin sai an wanke hannu har gwiwa. Gado idan ka gyara ta zo ta ja zanin ta ga ya saki, sai ka sake. Ciwon ƙarya don gudun makaranta kuwa, wannan a gidan wasu ake yi. Kana cewa kai na ciwo za ta cusa maka ma'aunin zafi a hammata, ta tsaya a kanka tana kallon agogo, ka tashi da kanka ka nemi takalminka. Idan kuma ciwon gaske ne, sai ta ɗora ka a kan sikeli kafin ta taɓa kwalbar magani. Cewa take yi ba a ba yaro magani da ido, da nauyinsa ake ba shi. Ta auna, ta lissafa, ta zuƙa a sirinji, ta ɗura maka, ko ka yi kuka ko ka yi birgima.

Kuma ba zan rage mata ba, ta iya aikinta. Matan unguwa wurinta suke fara kawo 'ya'yansu. Akwai jaririn maƙwabciyarmu da ta ji numfashinsa ta bayan labule, ko ɗaukarsa ba ta yi ba, ta ce a fita da shi asibiti yanzun nan. Uwar tana cewa ai mura ce, Sista ta riga ta tare mota. Yaron nan yau shi ke sayar mana da katin waya, gemu har ƙirji.

Dabba kuwa ba ta shiga gidanmu. Mun roƙa mun gaji muna yara, ta ce cuta ce mai ƙafa huɗu. To ku yi tunanin yadda na ji ranar da na je gaishe ta, bayan Baba ya rasu duk mun watse gidajenmu, na tarar da ɗan muzuru a kwance a kan kujerar Baba. Kujerar da ko mu ba ma zama a kai! Na saki baki na tsaya a ƙofa. Ta ce in rufe ƙofar iska na shigo masa. Wai a bayan tankin ruwa ta tsince shi ana ruwan sama, jiƙe sharkaf, kuma ba za a ce ta ga mara lafiya ta wuce ba. Ta ce idan ya warware zai kama gabansa. Bai kama ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Auta ta sa masa. Ƙanena, wanda shi ne autan gaske, da ya ji sai ya kira ni yana cewa an yi masa juyin mulki yana raye. Kwanon Auta tafasa shi ake yi. Tawul ɗinsa da ƙusarsa daban a bango. Tana yanka albasa tana ba shi labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu, shi kuma yana zaune a kan taga yana lumshe ido. Ni wallahi har kishi na yi, don ban taɓa jin ta ce mini sannu da irin muryar da take ce masa ba. Amma na ga ta daina zaman shiru a falo da fitila a kashe, sai na ja bakina.

Shekaru suka tafi Auta ko atishawa bai yi ba, saboda haka bai taɓa ganin likita ba. Sai wata safiya ya dawo daga yawonsa yana ɗingishi, an cije shi a ƙafar gaba, da alama faɗa suka yi da wani muzurun. Ta wanke wurin, ta ɗaure. Kwana biyu wurin ya kumbura ya yi tauri. Nan ta kira ni ta ce in nemi izini a wurin aiki in zo da mota, za mu nemo wa Auta likita.

Na iso na ce ina kwandon da za a sa shi. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ta ce ba da shi za mu je ba. Ita ba ta taɓa kai mara lafiya wurin da ba ta gani da idonta ba, kuma ba za ta fara a kan Auta ba. Za ta je ta duba tukuna, wurin da ya ci jarrabawa shi za a kai masa. Ta sa farin mayafinta, ta ɗauki jaka, ta shige gaban mota ta bar ni tsaye da makulli a hannu.

Wuri na farko a bayan shagon abincin kaji yake. Sai ka ratsa ta tsakanin buhuna kafin ka isa, ga wata akuya ɗaure a ƙafar tebur tana ta fitsari. Likitan ƙato ne mai fara'a, da takalmin roba har gwiwa. Da ya ji bayani ya yi dariya ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, a kawo shi yanzu a fasa a wanke. Sista ta tambaye shi inda yake zubar da allurar da ya yi amfani da ita, ya nuna mata wani gwangwanin madara a ƙarƙashin benci. Ta miƙa yatsa ta shafa saman kantar shagon, ta ɗaga yatsar ta nuna masa, ta juya. Ni na tsaya ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse.

Na biyu kuwa sai ka rantse banki ne. Gilashi ko'ina, sanyi na busawa, hotunan karnuka a bango suna dariya. Na ce a raina alhamdulillahi, an gama. Ina! Tun daga kan yarinyar da ke karɓar baƙi aka fara, saboda farcenta dogaye ne ja-jawur. Sannan likitan ya fito daga duba wani kare, ya amsa waya, ya sosa gemu, ya ɗauki biskit a kan tebur ya jefa a baki, duk Sista na kallo. Da ya zo ya ce me zai taimaka mana da shi, sai ta ce masa ya fara taimakon kansa da sabulu. A gaban mutane, jama'a! Na ja hannunta muka fita, mai gadi na bin mu da kallo.

Haka muka yi ta zaga gari. Wani wurin ta ce ƙamshin da suka fesa ya yi yawa, akwai abin da suke ɓoyewa. Wani kuma likitan ba ya nan, mai shara ce ta ce mu kawo shi za ta yi masa allura kafin ya dawo, nan kam ko ni ban yi musu ba. Duk inda muka shiga tambaya ɗaya ce, ina mara lafiyan? Ita kuma amsa ɗaya take bayarwa, yana gida, yana samun kulawa.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce Mama kyanwa ce fa, ba tiyatar zuciya za a yi ba, ƙurji ne a ƙafa. Na ce man motata ya kusa ƙarewa, ƙafata ta yi tsami, kuma shi wanda ake yi dominsa yana can yana shan wahala. Ta bar ni na gama sarai. Sannan ta ce ta ga yaran da aka kawo da ƙaramin ciwo aka fitar da su a naɗe, ba don komai ba sai don hannun da ya taɓa su bai wanku ba, kuma har yau tana iya kiran sunayensu.

Muka tarar da Auta a kwance, bai taɓa abincinsa ba, kunnuwansa zafi rau. Ta ce zazzaɓi ne, kuma ba za ta bar shi ya kwana da shi ba. Ta ɗauko sikelin kicin, ta ɗora roba, ta sa shi a ciki, ta cire nauyin robar. Ta ɗauko farasitamol na ruwa, irin na yara, wanda take ajiyewa saboda jikoki. Ta yi lissafinta a baki, ta zuƙi ɗan mitsitsi a sirinji, ta ɗaga shi a haske ta ƙwanƙwasa, ta ɗura masa ta gefen baki. Ina tsaye ina kallo har da murmushi, don haka ta yi mana duka, kuma ga mu mun girma. Na yi mata sai da safe na tafi.

Washegari wajen hantsi muka sami wurin da ya ci jarrabawa. Wani ɗan gida ne mai ɗaki biyu a ƙarshen layin masu sayar da tayoyi, allonsa ma ya koɗe. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ata ba, siririya, ba ta da yawan magana. Muna shiga Sista ta ga wurin wanke hannu a bakin ƙofa, da famfon da ake buɗewa da gwiwar hannu. Ta ga akwatin zubar da allura a rufe. Ta yi ɗage ta shafa saman ƙofa, yatsa ya dawo fes. Likitar ta gane abin da ake yi, ta yi dariya ta buɗe mata kowace durowa, har ta ce ta leƙa bayan firij idan tana so. Ta kuwa leƙa. Sai na ga abin da na daɗe ban gani ba, Sista tana murmushi har haƙora.

Ta fara ba ta labarin ƙafar ke nan aka shigo da wani kare jina-jina, mota ta buge shi. Likitar ta miƙe, ta wanke hannu tana cewa mu je mu kawo shi yanzu, kafin mu dawo ta gama. A mota Sista sai yabo take yi. Ta ce kin ga 'yar da aka koya wa aiki, ta ce da a ƙarƙashinta ta yi aiki da ta ba ta riƙon sashe. Har ta ce mini in ga amfanin haƙuri, ni da nake son a kai shi gidan akuya.

Da muka isa gida ba mu gan shi a falo ba. A ƙarƙashin gadonta muka same shi, can cikin lungu. Ta jawo shi. Fuskar ta kumbura har idanun sun shige, tafin ƙafafun sun yi suntum, yawu na dalala, numfashi sama-sama kamar wanda ya yi gudu. Na ce innalillahi, Mama mene ne wannan? Ta ce ciwon ƙafar ne ya shiga jini, abin da take tsoro ke nan, in yi maza in juya mota in ɗauko kwando. Ta shige ɗaki da shi ta tura ƙofa. Ina tsakar gida na ji kokawa da wani irin kuka da ban taɓa jin ya yi ba, sannan ta fito da shi a naɗe cikin tawul.

Likitar ta karɓe shi ta kwantar a tebur. Ƙafar ma ba ta kalla ba. Ta ɗaga leɓensa, sai ga dasashin ya koma ruwan ƙasa, kamar shayin da ba madara. Na ga hannunta ya tsaya cak. Ta ɗago ta dubi Sista.

"Mama, kin ba shi wani abu?"

"Farasitamol na yara," in ji Sista, har da gyara tsayuwa. "Daidai nauyinsa. Na auna shi."

"Yaushe?"

"Jiya da yamma, da yau da safe. Sai yanzu kafin mu taso, don kada ya sha wahala a hanya."

Likitar ta rufe ido ta buɗe, sannan ta yi magana a hankali.

"Mama, guba ne ga kyanwa. Jikinsu ba ya iya narkar da shi, jininsu yake lalatawa. Shi ne ya kumbura masa fuska."

Farasitamol? Abin da ke cikin jakar kowace mace, abin da ake ba jariri? Na dubi Sista ina jiran ta taso wa yarinyar nan, don ban taɓa ganin an gaya mata ta yi kuskure a kan magani ta ƙyale ba. Ta buɗe baki, ta ce ta lissafa, ta sake cewa ta lissafa, ta fara faɗin nauyinsa da abin da ta zuƙa. Likitar ta ce ta yarda lissafin daidai ne, da yaro ne. Amma ga kyanwa babu adadin da yake daidai.

Daga nan ba a sake tsayawa magana ba. Aka aske masa ƙafa aka sa ƙarin ruwa, aka ba shi maganin da ke karya gubar, aka kawo iskar oksijin. Likitar ba ta ɓoye mana ba, ta ce za ta yi iya yinta, amma an makara ƙwarai, kuma na ƙarshen nan ya riga ya bi jiki. Sista na tsaye jikin bango, jakarta a rungume a ƙirji. Mayafinta ya zame ya faɗi ƙasa, ƙasan asibiti, ba ta ko duba ba. Ni na ɗauke shi.

Can Sista ta tambaya da wata murya da ban san ta da ita ba, to ƙafar fa? Likitar ta ce ƙurji ne kawai, fasawa za a yi a wanke a ba shi maganin da ya dace, aikin da kowane likitan dabbobi zai yi a tsaye. Sista ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da gyaɗa shi har na ce ta zauna.

Gaskiya zan faɗa, haushi ya kama ni, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Na ji haushin yawon da muka yi, da ƙurar da aka shafa a saman kantar shago, da biskit ɗin mutumin nan. Na ji haushin kwalbar da ba a rubuta komai a kanta game da kyanwa ba. Tun ina yarinya nake fatan ranar da za a ce wa Mama ba haka ba ne, ta rasa amsa. Ga ranar ta zo, ni kuma ban taɓa jin tausayin ɗan Adam irin na wannan lokacin ba.

Likitar ta lura da Sista, sai ta ce ta zo ta riƙe masa abin iskar. Sista ta je bakin ƙofa ta wanke hannu har gwiwa, ta dawo ta riƙe. Ta sunkuya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ban ji me take cewa ba. Muka zauna haka rana ta yi ta tafiya, masu tayoyi na ta buga ƙarfensu a waje. Ƙanena ya kira, na fita na gaya masa, ya yi ta cewa farasitamol, farasitamol dai, kamar wanda ya manta sauran kalmomi.

Da yamma ta yi, numfashin ya canza. Ni ban gane ba, ita kuma likitar tana can tana haɗa wata allura. Sista ce ta ɗago ta ce mata ta bar shi, ta san wannan numfashin. Ta cire abin iskar ta ajiye, ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin kansa. Ba a jima ba ya daina.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara masa kwanciya, ta share masa baki da gefen tawul, ta tsaya. Likitar ta zo za ta cire allurar ƙarin ruwan, sai idonta ya kai kan hannun Sista, inda ta naɗe riga don wanke hannu. Ni ma sai lokacin na gani. Tun daga wuyan hannu har gwiwa yagar farce ce, layi-layi, wasu sun yi zurfi, jinin ya bushe a kai. Likitar ta ce subhanallahi, wannan sai an wanke, ta ɗauko auduga da magani ta jawo kujera.

Sista ta janye hannunta. Ta daɗe tana kallon yagar.

"Tun da na tsince shi bai taɓa yagata ba," ta ce. "Yau da na zo ba shi, ya ƙi. Ya yi ta ƙi. Na ce taurin kai ne, na naɗe shi a tawul kamar yadda muke wa yara, na matse, na ɗura masa."

Likitar ta ce ta kawo hannun dai, kada ya kumbura.

"Bar shi, 'yata," in ji Sista. "Gaya mini Auta yake yi, ban saurara ba."

Likitar ta ajiye audugar a kan tebur.